Tambaya da Amsa: Wasan Allon Sulu a Zafin Saudiyya

Wasiƙun wannan makon sun fi yawa a kan allon sulu mai taya huɗu, wato sikeitbod, wanda yaranmu na Jidda da Riyad suka runguma hannu biyu. Ga huɗu daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekarata 17. Ba ni da gwani a duniyar nan kamar Rodney Mullen, bidiyonsa nake kallo har barci ya sace ni. Amma ni ko tsallen oli ya gagare ni. In na buga gindin allon, ko dai ya tsere ya bar ni a ƙasa, ko ya karkace gefe. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka iya zaɓen gwani, don tsallen da kake fama da shi ɗin nan, Mullen ne ya sauko da shi ƙasa. Alan Gelfand ne ya fara oli, wato tashi sama da allo ba tare da sa hannu ba, a ƙarshen shekarun 1970 a jihar Fulorida ta Amurka, amma a jikin gangaren siminti, inda gangaren kansa ke cilla mutum sama. Mullen, wanda aka haifa a 1966 a garin Gainesville na wannan jiha, shi ya gano yadda za a yi shi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a farkon shekarun 1980. Daga nan ya fito da kikfilif, wato wulwula allon a iska ƙarƙashin ƙafa, da sauran juye-juyen da kowane yaro ke kwaikwayo yau, ya kuma lashe gasa 34 cikin 35 da ya shiga a salon firistayil, na gwaninta a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. A daɓen garejin gidansu ya samu wannan ƙwarewa, shi kaɗai, yana maimaita abu ɗaya awa da awanni. Wannan ɓangaren nasa za ka fara ɗauka kafin juye-juyen.

To, ga yadda ake yi. Ƙafar baya, tudun da ke bayan yatsu shi za ka ɗora a tsakiyar bakin wutsiyar allon, dunduniya a sake ba ta taɓa komai. Ƙafar gaba ta zauna kaɗan a bayan kusoshi huɗun gaba. Ka durƙusa a miƙe, ƙirjinka a saitin tsakiyar allo. Sai ka buga wutsiyar da idon sawu, bugun da ƙafa ke sauka ta tashi nan take, kai kuma kana tsalle a daidai wannan lokacin. Da hancin allon ya ɗago, ka kwantar da ƙafar gaba, gefen takalmi ya goge samfefar da ke manne a saman allon har zuwa hanci. Wannan gogar ce ke baje allon a iska. Ka naɗe gwiwar baya sama don gindin ya samu sararin biyowa, ka sauka ƙafa biyu a kan kusoshi, gwiwa a lanƙwashe.

Tserewar da allon ke yi, nauyinka ne ke komawa baya. Kana tsoron faɗuwa ta gaba sai ka ja kanka baya, allon kuma ya harba. Ka kafa ido a kan kusoshin gaba, ka sa kanka a samansu. Karkacewa kuwa daga kafaɗa take. Duk inda kafaɗa ta juya, ƙugu zai bi, ƙafa ta bi, allo ya bi. Ka riƙe kafaɗunka a layi ɗaya da tsawon allon, hannun gaba yana nuna hanci har ka sauka. Akwai ciwo na uku da ba ka faɗa ba, amma mun san yana nan: ƙafar baya ta danne wutsiya a ƙasa bayan bugu, allon ba shi da hanyar tashi.

Ka fara a kan tsohuwar darduma mai kauri ko ciyawa, inda taya ba ta gudu. Kada ka daɗe a can. Da zarar tayoyi huɗun sun fara barin ƙasa, ka koma siminti kana tafiya a hankali, ka sa tsinke ko igiyar takalmi a gabanka kana tsallakewa. Kuma ka nemi takalmi mai shafaffen ƙasa da fata mai kauri, don na yadi samfefa za ta huda shi ta wajen ƙaramin yatsa cikin 'yan kwanaki.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 10 ya ga wani Ba'amurke Tony Hawk yana juyi a sama, tun daga ranar ya hana ni sakat sai na saya masa allo. Ni karaya nake tsoro. In saya ko in hana? Daga wata uwa a Madina.

AMSA: Hajiya, ki saya, amma da sharaɗi. Mahaifin Mullen ma, likitan haƙori ne, bai yarda ba sai da yaron ya yi alkawarin sa kayan kariya, da kuma ajiye allon ranar da ya ji mummunan rauni. In kin hana, zai ari na abokinsa ya hau ba hula ba komai, a inda idonki ba ya kai.

Kada ki sayi na shagon kayan wasan yara. Tayoyinsa busasshiyar roba ce, ƙaramar tsakuwa ta isa ta tsayar da ita cak, yaro ya wuce ta gaba da fuska. Allon kirki katakon mafil ne falle bakwai da aka manne da gam. Ga mai shekara 10, faɗin inci 7.5 ya yi, manya kuma sun fi hawa inci 8 zuwa sama. Ƙarafa biyun da ke riƙe da tayoyi, waɗanda 'yan wasa ke kira tirok, su zama ƙarfe na gaske, faɗinsu daidai da faɗin allon. Taya ta zama ta robar da ake kira yuritan, girmanta milimita 52 zuwa 54. Akwai lamba a jikinta mai nuna tauri: 99A ta filin wasa ce mai santsi, amma in a kan kwalta mai kaushi ko tubalan hanyar tafiya da ƙafa zai riƙa hawa, ki nemi mai laushi wajen 78A zuwa 87A, ita ce ke haye tsakuwa ba ta tsaya ba.

Hular kwano dole ce, ta sauko goshi har ya rage yatsa biyu tsakaninta da gira, a ɗaure maɗaurin haɓa. Sai makarin gwiwa da na gwiwar hannu, da na wuyan hannu, wanda iyaye suka fi mantawa da shi alhali nan aka fi karyewa, domin mai faɗuwa hannu yake miƙawa ya tare ƙasa. A koya masa ya naɗe jiki ya mirgina ta kafaɗa. Kan titin mota babu shi a zancen, haka ma tayil ɗin tsakar gida in an wanke shi. Da rani ya bari sai bayan Magariba, da gorar ruwa a kusa.

TAMBAYA: Mun yi musu da abokaina: tsakanin Hawk da Mullen wa ya fi? Daga wani matashi a Makka.

AMSA: Ba filinsu ɗaya ba. Hawk, haifaffen San Diyego a 1968, sarkin gangare ne. A watan Yuni 1999, a gasar X Games ta San Faransisko, ya yi juyi biyu da rabi a sama, abin da ake kira 900. Ya yi ta faɗuwa har lokacin gasar ya ƙare, aka bar shi ya ci gaba, jama'a na ta ihu har ya sauka a tsaye. Shi ya kai wasan gidajen mutanen da ba su taɓa hawa allo ba. Amma in ra'ayinmu kuke so, Mullen muke ba wa. Lokacin da wasan ya shiga Olamfik a Tokiyo a 2021, Momiji Nishiya 'yar Japan ta ci zinariyar mata a salon titi, na tsallake matakala da makamantansu, tana da shekara 13, kuma duk abin da ake yi a wannan salo da olin Mullen yake farawa.

TAMBAYA: Allona ya daina gudu, tayoyin sai ƙara suke. Na fesa WD-40, man feshin nan na kwance tsatsa, ya yi kwana biyu lafiya sannan ya fi da muni. Katakon ma ya fara buɗewa ta baki. A but ɗin mota nake ajiye shi. Daga wani ma'aikaci a Riyad.

AMSA: Malam, ƙurar Riyad ce ta shiga boris. WD-40 ya wanke ɗan man da ya rage, ya bushe, ya bar ƙarfe yana cin ƙarfe. Kowace taya boris biyu gare ta, takwas ke nan, duk lamba 608. Ka kwance notin taya da sifana mai rabin inci, ka adana ƙananan zobban ƙarfe biyun da ke gefe da gefe. Ka saƙala tayar a bakin sandar tirok ka lanƙwasa, boris zai fito. Ka ɗaga murfin robarsa da allura a hankali kada ya lanƙwashe. Ka zuba boris ɗin a kwalba da sifirit mai ƙarfi ka girgiza, ka canza sifirit har ya daina baƙi. Su bushe sarai, sannan ɗigo biyu na man boris ko man keken ɗinki a kowanne. Giris mai kauri na rage gudu, mai da yawa kuma ƙura yake kira. Wajen mayarwa ka ɗaure noti har ya kama, sannan ka sassauta kwatan juyi, tayar ta riƙa ɗan motsi in ka girgiza ta. Wanda ya yi tsatsa ko yake ƙara bayan wanki, a jefar. Mutanen Jidda su lura, laimar teku ta fi saurin kawo wannan tsatsar.

Buɗewar katako kuwa aikin but ne. Da rani zafin Riyad na wuce digiri 40 a waje, balle cikin motar da ke tsaye a rana. Gam ɗin da ke tsakanin fallayen na saki, allon ya murɗe, robobin bushin da ke cikin tirok su yi laushi har allon ya riƙa rawa a ƙarƙashinka. In buɗewar ƙarama ce, ka cusa gam ɗin kafinta a ciki, ka matse da maɗauri kwana ɗaya cur. Ka ajiye allon a shimfiɗaɗɗen daɓe ka duba: in taya ɗaya na rataye ba ta taɓa ƙasa ko bayan ka daidaita notin bushin, katakon ya murɗe, sai sabo. Tirok da tayoyin ka mayar da su a kan sabon, shi kuma ya riƙa kwana a ɗaki.