Me Ya Sa Ƙwayoyin Wannan Dutse Suka Yi Girma Haka?

Tambaya: Malam, na ga wani dutse daga Zamfara, ƙwayoyinsa kamar dunƙulen hannu. Me ya sa ba ma samun irinsa a Sakkwato? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Fegmatait ke nan, ɗana. Idan narkakken dutsen giranit ya fara sandarewa a ƙarƙashin ƙasa, ragowar da ta rage takan cika da ruwa da sinadaran boron da litiyam. Su ke tsinka ta, sai sinadarai su riƙa yawo cikin sauƙi. Ƙwayoyi kaɗan ne ke tsirowa, don haka kowacce ta ci ta ƙoshi. Daga bangon tsagar dutsen da ragowar ta shiga suke farawa, kwaz, wato dutse mai kama da gilashi, ya cike tsakiya. Idan ruwan ya tsere farat ɗaya, ƙwayoyin kan fito ƙanana kamar sukari.

Sakkwato kuwa kan shimfiɗar tsohon teku take, ba kan giranit ba, shi ya sa farar ƙasar siminti ce a Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato.