Alhaji, kafin ka sayi mota biyu nuna min littafin guda ɗayar

Wani Alhaji mai shagon atamfa a kasuwar Dole ta Damagaram ya aiko min da tambaya. Yace shekara 7 kenan da ya sayi Peugeot 307 mai gazuwal, ƴar Kwatano, don kai yara makaranta da iyali unguwa. Shekarun farko ba abin da take nema sai vidanji, wato canjin man inji, da taya. Da ya ga tana yini a ajiye sai ya ba ƙanensa yana ɗaukar fasinja zuwa Magarya da Matamaye ranakun kasuwa, yana kawo abin da ya samu. Yanzu kusan kullum tana gareji, shi ne yake so ya sayar da ita, ya ci bashi ya sayi biyu ya shiga harkar sufuri sosai. Wai wace iri ya kamata ya saya.

Alhaji, ba zan gaya maka wace iri ba. Na karanta saƙonka daga farko har ƙarshe ina neman lambar kuɗi ko ta kilomita ko guda ɗaya ban samu ba. Kace ƙanenka yana kawo abin da ya samu, to nawa ne? Kace gyara ya yi yawa, nawa ka kashe bara? Kilomita nawa ta ci tun da ka miƙa masa makulli? Na tabbata idan na tsare ka a shago yanzu sai dai kace ai da dama, ai Allah ya rufa asiri. Kai da in yadi biyu ya ɓata a shago kafin la'asar ka gano, amma mota ta miliyoyi kana tafiyar da ita da ka.

Kuma na san inda kuɗin gyaran ke fitowa, daga aljihun shago ne. Ƙanen ya bugo waya yace makanike na son jika 40, ka buɗe durowa ka bayar, ba a rubuta ko'ina ba. Ran kasuwa ya kawo jika 15 ka ji daɗi kace mota na aiki. Atamfa ce ke ciyar da motar nan, kai kuma kana ganin riba.

Mu ɗan yi lissafi a tsaye. Damagaram zuwa Magarya da dawowa wajen kilomita 180 ne. Da mutane cike da kaya a but motar nan ba za ta sha ƙasa da lita 12 ko 13 ba, gazuwal kuma ya haura sefa 600 lita, ka ga wajen jika 8 ya tafi kenan. Wannan kowa na gani. Wanda ba a gani shi ne taya da ambirayaj (kuloci) da amotisa (abin tare gargada) da ke cinyewa a kowace tafiya, da vidanjin da ke matsowa. A nawa ganin duk jikar da ka zuba a tanki ka ware wata jikar ka ajiye don ranar gareji. Cire wannan, cire kuɗin tasha da na hanya da abin da direba zai ci, sai ka ga me ya rage a kujera huɗu.

Injin nan kuma ba irin na tsofaffin 504 ba ne da ake zuba masa komai ya tafi. An daina yin 307 a Turai wajen 2008, ka ga ta tsufa, kuma injekta ɗinta da pompo da turbo ba su yafe man inji mai datti ko gazuwal mai ruwa. Littafin Turai na cewa vidanji sai kilomita 20,000, wannan lissafin ƙasar da ba ƙura ne, mu nan da hunturu da zafin bazara in ka wuce 5,000 kai ka sani. Ga kuruwar distribisiyo, wato bel ɗin da ke daidaita juyin inji, ranar da ta tsinke a kan hanya sai an buɗe kan inji. Yaushe aka canza taka? Ba ka sani ba, don ba a rubuce yake ba.

Na san wani mai sayar da hatsi da ya ba ɗan yayarsa irin wannan mota. Yaron kirki, mai sallah, ba wanda zai ce masa ɓarawo. Amma in aka ba shi kuɗin vidanji sai ya ɗan ɗaga zuwa wata mai zuwa don akwai suna a gidansu, in gari ya matse sai ya sha gazuwal na bumburutu a bakin hanya tunda ya ɗan fi sauƙi. Ba wanda ya tambaye shi rasit don ana jin nauyi. Ranar da turbo ya tafi ya haɗa da injekta, kuɗin da makanike ya faɗa ya kusa rabin kuɗin motar. Tana nan kan duwatsu a ƙofar gida, kuma har yau uwar yaron ba ta shiga gidan ƙanenta, wai an zargi ɗanta. Da akwai littafi da ba a kai ga zargi ba, takarda ce za ta yi magana.

Zancen cin bashi ka sayi biyu kuwa, haba Alhaji! Ɗaya ba ka san ko tana ci ko tana kawowa ba, za ka ƙara biyu da bashi a kai, da direba na biyu wanda ma ba jininka ba ne. Su masu motocin tasha da kake gani kana sha'awa, je ka zauna da ɗaya ya nuna maka nawa ke fake a gareji. Sannan ka duba takardar asiransinka, wato inshora, in ta motar gida ce kuma ana ɗaukar fasinja da kuɗi, ranar tsautsayi, Allah ya kiyaye, kai kaɗai za ka ɗauka.

Ka sayi kaye na ƴan makaranta ka sa a cikin motar. Kowace fita a rubuta lambar kilomita da kwantar mota ke nunawa da safe da ta dare, litar da aka sha da gidan man da aka sha, abin da aka samu, kuma kowane gyara da rasit ɗinsa. Kuɗin mota su samu jakarsu daban, kar sisi ya sake fitowa daga durowar shago. Vidanji kai da kanka za ka tsaya a yi a gabanka. Ƙanenka zai ɓata rai, kace masa kai ma in ka ɗauke ta zuwa Mirya za ka rubuta, kuma ka rubuta ɗin ya gani. Bayan wata 3 ka turo min hoton shafukan, a nan za mu yi maganar ko a sayar ko a mayar da ita kai yara makaranta.