Ƙululun saiwar gyaɗa da ƙululun wuyan yaro, shin abu ɗaya ne?

Tambaya: Salam Malam, ni manomi ne a wajen Ringim. Bana da muka cire gyaɗa na ga saiwar duk ƙulli-ƙulli ƙanana kamar ƙwayar dawa, ko cuta ce ta shiga gonar? Sannan yarona ɗan shekara 6 wani ƙululu ya fito masa a wuya, kakarsa ta ce a kira wanzami ya tsaga.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Da maganar yaron zan fara don ita ce ba ta jira, don Allah kar a bari wanzami ya sa masa aska. Abin da ya fi fitowa yara a wuya kaluluwa ce, kuma dama can akwai ta a jikin kowa, ɗaruruwa ne a wuya da hammata da matsematsi, aikinsu tare ƙwayoyin cuta. In yaro ya yi ciwon maƙogwaro ko haƙori ko ƙuraje a ka sai wadda ke kusa ta kumbura, ka taɓa ka ji da laushi tana motsi tana masa zafi, irin wannan in ciwon ya warke cikin sati 2 zuwa 3 take sacewa da kanta. Tsagawa ba ta cire komai sai dai ta buɗe wa ƙwayar cuta hanya, ga manyan jijiyoyin jini a wuya.

Wadda nake tsoro ita ce mai tauri, ba zafi, ba ta motsi, kullum ƙara girma take ko ta wuce wata ɗaya, balle in yaron yana rama, yana gumi da dare, zazzaɓi ya ƙi tafiya ko akwai mai tsohon tari a gidan. Tarin fuka yana kama kaluluwar wuya ko da yaro ba ya tari, mutane da yawa ba su san haka ba, kuma maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati, wata 6 ake sha ba fashi. Wani lokacin kuma ciwon daji ne, shi kuwa sammako yake so. Ku kai shi a duba, ni daga nan ba zan iya taɓawa ba. Haka in ƙululu ya fito a nonon mace, ko ba ciwo a je.

Toh sai gyaɗa, a nan kam albishir ne. Wasu ƙananan halittu na cikin ƙasa da ake kira Rhizobium ne suke shiga saiwar gyaɗa da wake da waken suya, shukar ta yi musu ɗaki, wato ƙullin nan da ka gani, tana ba su abinci, su kuma suna jawo sinadarin naitirojin daga iska su mayar mata da shi taki, wato abin nan da kake saya da tsada a buhun yuriya, iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin 100 shi ne amma shuka ba ta iya ɗauka da kanta. Kaga dalilin da dawa ko gero ke kyau a inda aka yi gyaɗa bara. Baɗi in ta fara fure ka tuge ɗaya ka fasa ƙullin da farce, in cikinsa ja-ja ne yana aiki, fari ko kore kuwa ba ya yi. Kuma kar ka zabga mata yuriya, yana rage ƙulli-ƙullin, takin supa ta fi so.

Amma ka lura, na saiwar tumatir da kuɓewa daban ne, wannan tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani. Na kirki a gefen saiwa yake manne, kana murzawa ya faɗi, na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura ba ya ɓallewa, shukar ta dinga yaushi da rana ko da ruwa a gindinta. In ka ga wannan ka tuge ka ƙone, ka sa gero ko dawa a wurin.