Ka Lissafa Wutar da Dutsen Gugarka ke Ci Kafin Ka Sayi Janareta

Wani mai shagon wanki da guga a Zariya ya aiko da tambaya yana cewa kuɗin da yake zubawa a mita ba sa yin albarka, wayar da ya jona duwatsun gugarsa biyu tana ɗaukar zafi, kuma yana shirin sayen janareta mai kVA 2.5 (kVA ma'aunin girman janareta ne) da wani ya yi masa tayi da sauƙin farashi. Yana so ya san ko injin zai ɗauke masa aikin.

Malam, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce ka dakata da sayen wannan inji har sai ka yi wani ɗan lissafi wanda ba zai ci maka fiye da minti goma ba. Ka kira mai gyaran wuta ya zo da mitarsa ta gwaji, ka kunna dutse ɗaya, ya auna maka abubuwa biyu: ƙarfin da ke tura wutar, wanda ake ƙirgawa da bolt, da kuma yawan wutar da ke gudana cikin wayar, wanda ake ƙirgawa da amfiya. A Najeriya wutar gida bolt 230 ce idan ta zo a cike. Mu ƙaddara cewa dutsenka ya ja amfiya 6. Idan ka ninka 230 sau 6 za ka sami wat 1,380, kuma wannan shi ne abin da dutsen ke ci a duk lokacin da yake dumama. Duwatsu biyu sun kama wat 2,760, idan kuma ka haɗa da fanka da ƙwayayen fitila ka kusa kai 2,900. Janaretan da aka rubuta wa kVA 2.5 kuwa, abin da akasari yake iya riƙewa a tsawon aiki bai wuce wat 2,000 ba. Ka ga ke nan arahar da aka yi maka ba ta da amfani, domin injin zai riƙa nishi yana mutuwa da zarar duwatsun biyu sun ja wuta tare. Ka nemi wanda zai ba da wat 3,500 ko sama, don a bar masa sararin numfashi.

Daga waɗannan alkaluma biyu ne kuma ake fitar da turjiya, wato yadda ƙarfen da ke cikin dutsen yake tare wa wuta hanya har ya yi zafi. Ƙa'idar ta wani Bajamushe ce mai suna Georg Ohm, wanda ya wallafa ta a 1827, shi ya sa ake kiran ma'aunin da om. Ana raba bolt da amfiya ne, don haka 230 a raba da 6 ya ba da kusan om 38. Amfanin sanin wannan a gare ka shi ne, turjiyar dutsen ba ta canzawa sosai ko da wuta ta yi ƙasa. Ranar da aka kawo muku wuta mai bolt 180, dutsen zai ja amfiya 4.7 ne kawai, ƙarfinsa ya faɗo zuwa kimanin wat 850. Shi ya sa a irin wannan rana shadda mai sitaci take ƙin kwanciya, yaronka ya yi ta maimaita hannu a wuri ɗaya. Ba lalaci yake yi ba, kuma dutsen bai lalace ba, saboda haka kada ka kashe kuɗi wajen sayen sabo.

Batun wayar da ke zafi ya fi damuna fiye da batun injin. Ita ma waya tana da tata turjiyar, kuma gwargwadon sirantarta da tsawonta, gwargwadon yawan turjiyar. Idan doguwar wayarka tana da om 1 kacal, amfiya 12 na duwatsu biyu suka bi ta cikinta, za ka yi asarar bolt 12 a hanya, kuma 12 sau 12 ya ba da wat 144 da ke zama zafi a jikin roba. Kana biyan kuɗin wannan zafi a mita, bai goge maka ko hula ba, sannan daga irinsa gobara ke tashi a shagon da ke cike da tufafin mutane. Soket ɗin da muke amfani da shi amfiya 13 ce iyakarsa, duwatsu biyu kuma sun kusa cika ta, don haka ka ware wa kowane dutse nasa, da wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 2.5. Ka sa a kankare bakin wayar a gabanka kafin ka biya, domin akwai ta alminiyam da aka yi wa rufin ja, kuma turjiyarta ta fi yawa.

Sai kuɗin mita. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Dutse yana kashe kansa idan ya yi zafi, ya sake kamawa idan ya huce, don haka mu ɗauka cewa a wunin aiki kowanne yana jan wuta na awa 5. Duwatsu biyu za su ci yunit 13.8. A farashin naira 225 da hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta sanya wa masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, a watan Afrilun 2024, wannan ya kama naira 3,105 a rana. Kai sai ka duba rasit ɗinka ka sa farashin rukuninku na yanzu. Idan kaya 60 kake gogewa a rana, kowane ɗaya ya ci wutar kusan naira 52 tun kafin a yi maganar sabulu da sitaci da ruwa da haya da sallamar yara. Da yawa daga masu sana'arku suna yanke farashi ne bisa abin da maƙwabci ke karɓa, ba su taɓa fitar da wannan adadi ba.

Game da janareta, ka tambayi wani da ke da irinsa lita nawa yake sha a awa idan an ɗora masa kaya, ka ninka da farashin fetur na yau, ka raba da yawan kayan da kuke gamawa a awa. Ka kwatanta abin da ya fito da kuɗin gawayin da zai yi wannan aiki. A ganina, ga shago mai girman naka, ya fi riba ka yi guga da lantarki a sa'o'in da ake da wuta, ka ajiye dutsen gawayi don ranar da aka ɗauke, janareta kuwa ka sayi ƙarami wanda zai riƙe fitila da fanka kawai.