Kasaru a gajeriyar tafiyar jirgi: hanyar sama ake aunawa ko ta mota?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Aiki yana kai ni wani gari a ƙaramin jirgi, tsakanin filayen jirgin biyu manhajar waya ta nuna min kilomita 70 a miƙe, minti 20 mun sauka, amma a mota ya kai kilomita 130 saboda hanyar zagaye take yi. Zan yi kasaru ko cikawa zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara mana fahimta. Ka ajiye maganar minti 20 ɗin nan tukuna, ba da agogo ake auna kasaru ba, malaman fiƙihu tun da can sun ce ko cikin ɗan lokaci mutum ya yanke nisan ya halatta ya yi.

Nisan kuwa a wurin Malik da Shafi'i da Ahmad barid huɗu ne, mil 48 kenan kamar yadda yake a Risala, kuma Bukhari ya kawo cewa Ibnu Umar da Ibnu Abbas a wannan nisan suke kasaru suna ajiye azumi. Da aka mayar da shi kilomita sai lissafi ya ɗan bambanta, daga wajen 80 zuwa 89.

To wace hanya za a auna? Wacce ka bi. Kai jirgi ka hau, dan haka 130 ɗin mota ba naka bane ranar, kuma anan nake ganin mutane da yawa suna kuskure, sai su ari nisan titi alhali ta sama suka wuce. Amma shi ma 70 ɗin ba shine duka tafiyarka ba, dan waya daga fili zuwa fili kawai take jan layi, ita kuwa shari'a daga inda gidajen garinku suka ƙare take fara ƙirga har ka isa garin da ka nufa, to irin waɗannan ƙananan filayen sau da yawa can bayan gari ake yinsu, sai ka haɗa motar da ta kai ka filin da tafiyar sama da motar da ta ɗauke ka bayan kun sauka. Zuwa kawai, banda dawowa. In jimla ta haura 80 ka yi kasaru, azahar da la'asar da isha'i raka'a bibbiyu, in bata kai ba ka cika. In ta tsaya a kan gaɓa kana kokwanto ni dai na fi natsuwa ka cika, dan cikawa ce asali.

Ranar da ka bi mota kuwa kasarunka ba shakka a ciki. Sannan in filin yana cikin gari kada ka fara kasaru a ɗakin jira, kuma in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a can to ka koma cikawa. Wallahu a'alam.