Amsa ga Yaya kan kulocin babur ɗin ƙanƙara

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ka tambaye ni abin da ya kai ma'aikacin ofis irina durƙusawa gaban inji hannu duk baƙi, har ka ce ko kanikawa sun ƙare a Kanada ne. Suna nan, amma a Sudbury, arewacin Ontariyo, da awa ake lissafin ladan bakanike, shi ya sa mu Hausawan da muka sayi tsohon babur ɗin ƙanƙara muka bi al'adar 'yan gari: kowa ya kwance nasa a watan Oktoba, tun dusar ba ta sauka ba. Wanda nasa ya mutu a daji, sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, ba shi da mai faci ko ɗan acaɓa da zai kira. Nawa Ski-Doo ne, irin wanda kamfanin Bombardier ya fara fitarwa a 1959 a Valcourt ta lardin Kebek, kuma sunan ya zama na kowane iri a bakin mutane, kamar Omo a wajenmu.

Kulocinsa ba na hannu ba ne, kuma ba a sa giya. Ka tuna bel da fulin injin markaɗe, sai dai waɗannan fuli biyun suna buɗewa suna tsukewa da kansu. Na farko yana kan karanshaf, faranti biyu ne suna kallon juna, bel a tsakaninsu. Idan juyin inji ya kai wajen 4,000 a minti, wasu ƙananan ƙarafa masu nauyi sukan wartso waje su danna ƙananan tayoyi, farantan su matse bel, babur ya tashi. Na biyu yana da nasa sifirin, shi ke miƙa ƙarfi ga shaf, daga nan zuwa sarƙar da ke kwance cikin mai a akwatinta, sannan ga shimfiɗar robar da ke tura babur ɗin.

A ganina, mafi yawan abin da ake ɗora wa inji laifinsa, na bel ne. Idan ya sirance ko gefensa ya yi sheƙi kamar gilashi, babur yakan tashi da nawa, sai ka ce mota a giya ta uku. Mukan aza ƙarfe miƙaƙƙe a kansa mu danna tsakiya, ya kamata ya lotsa kimanin milimita 32. Na ƙona guda a hunturuna na farko: robar ƙasa ta daskare cikin dare, na ja totur da garaje, kuloci ya yi ta gurzar wuri ɗaya har ya yi wa bel ƙugu, daga nan ya riƙa duka dum-dum a ƙarƙashin ƙafata. Yanzu sai na ɗaga bayansa na buga shi da ƙasa kafin na motsa.

Idan bel lafiyarsa lau amma ana fizga wajen tashi, sai a zaro kulocin farko, wato fulin da ke kan karanshaf, da dogon kusa na musamman, wanda guda ɗaya muke karɓa-karɓa a tsakaninmu. Ana duba ko ƙananan tayoyin sun cinye gefe guda, ko ƙarafan sun yi tsagi, ko faranti yana lilo saboda bushin ya mutu. Ga inda za ka yi mini gardama: ba a shafa giris a fuskar farantan ko kaɗan, domin bel zai riƙa zamewa, gogewa ake yi da soso mai kaushi da asiton, ruwan sinadarin da ke wanke maiƙo.

Man akwatin sarƙa mukan canza shi kowace shekara, muna lura da garin ƙarfen da ya manne wa maganaɗisu. Wani maƙwabcina dattijo ne ya nuna mini cewa a tsofaffin babura, idan allurar gudu ta faɗi haka kawai, a zargi boris ɗin shaf na ƙasa, mai juya shimfiɗar robar, kafin a zargi waya. Na duba nawa a makon jiya, yana ƙara kamar an zuba masa yashi, kuma shi ka gani a hannuna a hoton da ya jawo tambayarka.