Amsa: Me ya sa kofin da nake zanawa yake fitowa a shafe?

Ɗan'uwa, ka ce kofinka kullum fitowa yake kamar an manna shi a takarda, babu zurfi. Ni dai shawarata, ajiye kofin nan tukuna, ka ɗauko kwalin ashana. Layukansa miƙaƙƙu ne, kuskure ba ya ɓuya a cikinsu.

Ɗora shi a kan tebur, kusurwa ɗaya tana fuskantarka. A takardarka, ja layi a kwance a matsayin tsayin idonka, ka sa ɗigo biyu a kansa, ɗaya can hagu, ɗaya can dama. Layukan tsaye su tsaya cak, na gefe kuwa kowanne ya nufi ɗigon ɓangarensa. Nan ne yawanci ake samun matsala: a matso da ɗigon kusa da juna, sai kwalin ya fito a murɗe. Nesanta su sosai, ko da za su fita daga takardar, ka manna wata a gefe.

Kada ka riƙa motsa kai kana zane. Rufe ido ɗaya, ka miƙe hannu ka auna da fensir.

In ka koma kan kofin, bakinsa zai zama da'ira mai matsewa, gindinsa kuma ya fi bakin lanƙwasa, domin ya fi nisa ƙasa da layin idonka.